Tsakanin danna lamba da jin sallama: hanyar da kiran waya ke bi da inda yake maƙalewa

Kalmar da ta fi yawo a bakin masu waya a ƙasar Hausa ita ce "babu sabis". Ita ake faɗa idan kira ya ƙi shiga, ita ake faɗa idan ya shiga ya yanke ana tsakiyar magana, ita ce kuma ake faɗa idan murya tana kakkatsewa har ɗaya ya gaji ya ce wa ɗaya ya canza wuri. Waɗannan matsaloli kuwa ba daga tushe ɗaya suke ba, kuma maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Rashin rarrabe su ne yake sa mutum ya kai lafiyayyar wayarsa wurin mai gyara ya biya kuɗin aikin da ba a bukata, ko ya jefar da layin da ba shi da laifi, ko kuma, wanda ya fi muni, ya zargi ɗan'uwansa da cewa da gangan ya kashe waya don kada a same shi. Kira tafiya ce mai zango-zango, kuma wanda ya san zangunan zai iya gane inda ayarin ya tsaya.

Zango na farko yana faruwa tun kafin a danna lamba. Kamfanin sadarwa yana rarraba gari zuwa ƙananan yankuna, kowane yanki da ƙarfen sabis da yake kula da shi. Eriyoyin da ke saman ƙarfen galibi an kasa su fuska uku, kowace fuska tana kallon sashenta. Da zarar an kunna waya, sai ta saurari eriyoyin da ke kewaye da ita, ta zaɓi ta kamfaninta wadda ta fi jin muryarta, sa'an nan ta gabatar da kanta. Abin da take gabatarwa shi ne wata lamba ta musamman da ke cikin sim, wadda ta bambanta da lambar da mutane suke kira. Cikin sim ɗin akwai kuma wani mabuɗi na sirri wanda kamfani yake riƙe da kwafinsa. Kamfani zai aiko da wata lamba ta gwaji, sim ya sarrafa ta da mabuɗinsa ya mayar da amsa, idan amsar ta dace da wadda kamfani ya lissafa sai a buɗe wa wayar ƙofa. Duk wannan yana gudana cikin daƙiƙoƙi kaɗan, shi ne ɗan jiran da ake yi bayan kunna waya kafin sunan kamfani ya bayyana a fuskarta.

Daga nan kamfani yakan rubuta a babbar rajistarsa cewa layi kaza yana shiyya kaza. Ba ya bin waya ƙarfe-ƙarfe matuƙar ba a kira take ba, domin hakan zai cinye batir ya kuma cika hanya da saƙonnin da ba su da amfani. Abin da ya sani shi ne shiyyar da ta ƙunshi ƙarafuna da dama. Idan mai waya ya taso daga Kano ya nufi Zariya, duk lokacin da ya ƙetare iyakar wata shiyya wayarsa za ta sanar da kamfani ba tare da ya sani ba.

Idan aka danna lamba aka kira, waya takan fara roƙon a ba ta hanya. A tsohon tsarin 2G, wanda har yau ɗimbin kiraye-kiraye a karkara suke bi ta kansa, kowane zangon iska ɗaya an kasa shi gida 8, masu magana suna karɓa-karɓa cikin saurin da kunne ba ya iya lura da shi. Ma'anar wannan ita ce kowace eriya tana da iyakar adadin kiran da za ta iya ɗauka a lokaci guda. Idan an samu gurbi, buƙatar takan wuce daga ƙarfe zuwa cibiyar haɗa kira, ko dai ta igiyar gilashi, wato fiber, da aka binne a ƙasa, ko ta waɗannan faya-fayan masu kama da ganga da ake gani maƙale a jikin ƙarafuna suna kallon juna daga nesa. A cibiyar ne ake duba ko layin yana da izinin kira, ko akwai kuɗi a cikinsa, da kuma kamfanin da lambar da aka kira take. Wannan na ƙarshe yana bukatar bincike na gaske, domin tun watan Afrilu na 2013 aka ba masu waya a Nijeriya damar komawa wani kamfani da lambarsu, saboda haka lambar da ta fara da 0803 ba dole ba ne a ce har yanzu ta MTN ce. Idan lambar ta wani kamfani ce, sai kiran ya ƙetara ta mahaɗar da ke tsakanin kamfanonin biyu, kuma wannan mahaɗa ita ma tana da iyakar abin da take ɗauka.

A ɗaya gefen, kamfanin wanda aka kira zai duba rajistarsa ya ga shiyyar da layin ya yi rajista a ƙarshe, sai ya sa duk eriyoyin shiyyar su yi cigiyarsa, kamar mai shela da yake zagaya unguwa yana kiran suna. Wayar da ke aljihu takan farka lokaci-lokaci ta saurari wannan shela. Idan ta ji sunanta sai ta amsa, a ba ta hanya, ta fara ƙara. Sai a lokacin ne mai kira yake jin sautin shigar kira, kuma ya kamata a sani cewa wannan sauti cibiya ce take ƙirƙirarsa ta aiko masa, ba ƙarar wayar wancan ce yake ji ba. Don haka yana yiwuwa mai kira ya ji kira yana shiga alhali wayar tana can an rufe mata murya, ko an saka ta a yanayin hana damuwa, mai ita bai ji komai ba.

A nan nake so in dakata, domin a nan ne fahimtar fasaha take taɓa zamantakewa. Idan mutum ya kashe wayarsa ta hanyar da ta dace, wayar takan yi wa kamfani sallama kafin ta mutu, sai kamfani ya rubuta cewa a kashe take, duk wanda ya kira a gaya masa nan take. Idan kuwa caji ya ƙare ba zato, ko mutum ya shiga wurin da sabis ba ya kaiwa, kamfani bai san komai ba. Zai yi shela, ya jira, ya ga shiru, sa'an nan ya kunna wa mai kira sanarwar da aka naɗa. Shi ya sa wani lokaci ake yin shiru na 'yan daƙiƙoƙi kafin a ji muryar da ke cewa ba a samun lambar. Sai dai kamfanoni ba su cika tsantseni wajen daidaita sanarwa da ainihin dalili ba, kuma sau da yawa akan ce wa mai kira waya a kashe take alhali tana kunne a hannun mai ita. Na sha ganin yadda wannan sanarwa take haddasa saɓani tsakanin miji da mata, da tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi, kowa yana rantsuwa kuma kowa gaskiya yake faɗa. A ganina haƙƙi ne a kan kamfanoni su gyara wannan, domin mutane sun ɗauki muryar na'ura a matsayin shaida, ita kuwa ba ta kai matsayin shaida ba.

Akwai wani dalili na rashin samun mutum da ya yawaita a wurinmu saboda kusan kowa layi biyu yake riƙewa. Mafi yawan wayoyi masu sim biyu suna da na'urar aikawa guda ɗaya ce da layukan suke rabawa. Duka biyun suna iya zaman jiran kira, amma da zarar an fara magana da ɗaya, ɗayan ya fita daga hanya har sai an gama. Wanda ya kira layi na biyu a wannan lokaci zai ji cewa ba a samun lambar, kuma babu abin da ya lalace.

Bayan an ɗaga waya, murya takan koma lambobi, a daddatsa ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa, a matse ta a aika. Idan wasu gunduwoyin suka ɓace a iska, shi ne ake jin magana tana kakkatsewa ko murya ta koma kamar ta cikin ruwa. Idan mai magana yana cikin mota, wayarsa tana ta auna ƙarfin eriyoyin maƙwabta tana kai rahoto, kuma idan na gaba ya fi na baya ƙarfi sai cibiya ta miƙa kiran daga wannan ƙarfe zuwa wancan ba tare da an katse ba. Wannan miƙawa tana cikin ayyuka masu wuya a tsarin. Idan ƙarfen da za a miƙa wa kiran ya cika, ko akwai tazara tsakanin inda na baya ya ƙare da inda na gaba ya fara, kira ya yanke ke nan. Direbobin da suka saba da hanya sun san wuraren da hakan ke faruwa, har sukan ce wa abokin magana za su sake kira idan sun wuce kwana kaza, kuma wannan sani nasu daidai yake da abin da injiniya zai gano da na'urarsa.

To, me layukan sabis da ke saman fuskar waya suke nunawa? Suna nuna ƙarfin saƙon da yake saukowa daga eriya zuwa waya, shi ke nan. Ba su nuna ko muryar wayar tana isa ga eriya ba, alhali eriya tana da ƙarfin aikawa mai yawa, ita kuwa waya a tsarin 2G ba ta wuce wat 2. Ba su nuna ko akwai gurbi a eriyar ba, ba su kuma nuna ko igiyar da ta haɗa ƙarfen da cibiya tana raye ba. Shi ya sa a ranar hawan Sallah, ko a tsakiyar Kantin Kwari da rana tsaka, mutum zai ga sabis a cike amma kira ya ƙi fita. Dubban wayoyi ne suka taru a ƙarƙashin eriyoyi ƙalilan, kowa yana neman gurbi. A irin wannan hali kashe waya da kunnawa ba ya ƙara komai, abin da ke taimako shi ne a ɗan jira, ko a aika rubutaccen saƙo wanda bukatarsa ta hanya kaɗan ce, ko a gwada layin wani kamfani.

Gini ma yana da tasirinsa. Zangon iska mai ƙasa, irin na megahaz 900, ya fi tafiya nesa ya kuma fi ratsa bango, shi kuwa mai sama, irin na 1800 ko 2100, ya fi ɗaukar kaya amma ya fi saurin raunana. Rufin kwano, da bango mai kauri na siminti da rodi, da ƙuryar ɗaki a tsakiyar gida, duk suna rage ƙarfin saƙo. Wanda kiransa yake kyau a tsakar gida ya lalace a ɗaka ba shi da bukatar mai gyara. Ruwan sama mai ƙarfi kuma yakan raunana saƙon da ke tsakanin faya-fayan da suka haɗa ƙarfe da ƙarfe, shi ya sa sabis kan yi rauni a lokacin da hadari ya sauko da ƙarfi a damina.

Zuwan 4G ya kawo wata sabuwar matsala da mutane da yawa ba su san da ita ba. An gina 4G ne domin data kaɗai, babu tsohuwar hanyar murya a cikinsa. Saboda haka idan kira ya shigo wa wayar da ke kan 4G, ɗayan abu biyu ne yake faruwa. Ko dai wayar da kamfanin duka suna da tsarin da ake kira VoLTE, wanda yake ɗora murya a kan data ya ba ta fifiko, ko kuma a umarci wayar ta sauka zuwa 3G ko 2G ta karɓi kiran, ta koma bayan an gama. Wannan saukar ce take sa alamar 4G ta ɓace da zarar kira ya shigo, kuma ita ce take ƙara jinkiri kafin kira ya haɗu. Matasa da yawa, don neman saurin intanet, sukan shiga saitin waya su kulle ta a kan 4G kaɗai. Idan layin ba shi da VoLTE, wayar ba ta da inda za ta sauka, sai a wayi gari WhatsApp yana aiki lafiya lau amma babu kiran da ke shiga ko fita. Maganin bai wuce a mayar da saitin kan zaɓin da waya take canzawa da kanta ba. Wannan kuma shi ne bambancin kiran WhatsApp da kiran layi: na farko data ce kawai da take gogayya da sauran data a hanya, na biyu kuwa gurbi ake ware masa.

Duk abin da aka ambata ya dogara ne a kan ƙarfen yana aiki, shi kuwa ƙarfe wuta yake ci dare da rana. A Nijeriya mafi yawan ƙarafuna sun dogara da janareta da batura, wasu da hasken rana, kuma da yawansu ma ba mallakin kamfanonin layi ba ne, na kamfanonin haya ne irin su IHS, inda kamfani biyu ko uku suke rataya eriyoyinsu a ƙarfe ɗaya. Wannan yana bayyana dalilin da ya sa wani lokaci layuka biyu na kamfanoni daban suke ɗaukewa tare a unguwa ɗaya. Idan man janareta ya ƙare, ko aka sace batura, ko masu aikin hanya suka tsinke igiyar gilashi da motar tono, gari guda yana iya rasa sabis. Ko a teku ma hakan yana faruwa: a ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu na tsawon kwanaki. Akwai kuma ɗaukewar da hukuma take yi da gangan, kamar yadda aka rufe sadarwa a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen waɗannan yankuna sun ga yadda ake tafiya mai nisa don a yi kira ɗaya tak, kuma sun fi kowa sanin cewa waya ba komai ba ce idan babu abin da ke bayanta.

Mazauna bakin iyaka suna da tasu matsalar ta daban. A wurare irin su Jibiya da Illela da Maigatari, saƙon eriyoyin Nijar yana ƙetarowa, haka na Nijeriya yana shiga Ƙonni da kewayenta, domin iska ba ta san shingen kwastan ba. Waya tana iya kama kamfanin ƙasar maƙwabta da kanta, sai kira ya ƙi fita, ko ya fita a caji mutum kuɗin wanda yake ƙasar waje. Abin yi shi ne a shiga saiti a zaɓi kamfani da hannu, a kuma riƙa ajiye lambobi da cikakkiyar lambar ƙasa, wato +234 ga Nijeriya da +227 ga Nijar, a cire sifilin farko na lambar Nijeriya.

Idan matsala ta taso, hanya mafi sauƙi ta gano tushenta ita ce a yi tambayoyi daga waje zuwa ciki. Da farko a duba ko na kusa masu layin kamfani ɗaya suna fama da irinta. Idan haka ne, laifin na ƙarfe ne ko na cibiya, kuma babu abin da taɓa waya zai gyara. Idan kuwa mutum shi kaɗai ne, sai ya gwada kiran lambobi daban-daban. Lamba ɗaya tak da ta ƙi shiga tana nuna matsalar tana can gefen wanda ake kira, ko kuma an toshe mai kiran. Lambobin kamfani ɗaya da suka ƙi shiga alhali na sauran suna shiga suna nuna cunkoso ko tangarɗa a mahaɗar kamfanonin biyu. Idan duka suka ƙi, sai a zare sim a saka a wata wayar, a kuma saka wani sim a wayar da ake zargi. Wannan gwaji na minti biyu ya fi kowane gwaji amfani, domin shi yake raba gardama tsakanin layi da waya, kuma abin takaici shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Idan matsalar ta bi sim zuwa sabuwar wayar, to a duba kuɗi ta hanyar danna *310#, wadda ta zama lamba ɗaya ga dukkan kamfanonin Nijeriya tun da NCC, hukumar da ke kula da sadarwa a Nijeriya, ta daidaita gajerun lambobi a 2023. A duba kuma ko an rufe layin saboda rashin haɗa shi da lambar NIN, dokar da aka fara a watan Disamba na 2020, wadda ta sa aka toshe layuka masu yawa, wasu aka fara da hana su kira alhali suna iya karɓa. Wanda yake iya kira amma ba a samunsa sai ya yi zargin karkatar da kira, domin yara ko tsautsayin danne-danne suna iya kunna shi. Danna ##002# yana soke duk wata karkatarwa da ke kan layi. Sim da ya tsufa ko ya karce kuma sai a je ofishin kamfani a sabunta shi da lambarsa.

Idan kuwa matsalar ta zauna a wayar, sai a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A kunna alamar jirgin sama na ɗan lokaci a kashe, domin hakan yana tilasta wa waya ta sake rajista daga farko, kuma yakan sake ta daga eriya mai nisa da ta manne wa. A duba jerin lambobin da aka toshe, da saitin 4G da aka ambata, da kuma wane sim aka zaɓa don kira. Idan kira yana haɗuwa amma ɗaya ba ya jin ɗaya, a kunna lasifika a gwada. Idan aka ji da lasifika, to ƙaramar sifikar kunne ce ko makirfon ya toshe, kuma ƙurar hunturu tana yawan cika waɗannan 'yan ramuka. A tabbatar kuma wayar ba ta haɗe da wata na'urar kunne ta bulutut da aka manta da ita a jaka. Sai bayan duk wannan ne ya dace a nufi mai gyara, musamman idan wayar ta taɓa faɗuwa ko ta sha ruwa, domin eriyar cikinta tana iya tsinkewa. Mai sayen waya ta hannu a kasuwa irin Farm Centre ta Kano ya kamata ya danna *#06# ya ga lambar IMEI, wato lambar shaida ta ita wayar kanta, ya kwatanta ta da wadda ke jikin kwali idan akwai, ya kuma saka sim ɗinsa ya yi kira na gaske kafin ya biya.

Wanda ya tabbatar laifin na kamfani ne yana da haƙƙin kai ƙorafi, kuma ina ganin mun yi sakaci da wannan haƙƙi, musamman tun da aka amince wa kamfanoni ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Ana farawa ne da kiran 300, lambar kula da masu hulɗa a kowane kamfani, a kuma nemi lambar shaidar ƙorafin a rubuta ta. Idan ba a gyara ba, sai a kira hukumar NCC kyauta a 622 a ba ta wannan lamba. Ƙorafin da ake iya aiki da shi shi ne wanda ya faɗi unguwa da wata alama da ke kusa, da ranakun da abin yake faruwa da lokutansa, da ko kira ne yake ƙin fita ko yankewa yake yi, da ko a ɗaka ne ko a waje, da adadin maƙwabtan da abin ya shafa. Da waɗannan bayanai injiniya zai iya gane wane ƙarfe ne da wace fuskarsa, ya duba ko cunkoso ne, ko wuta, ko kuwa eriya ce iska ta karkatar.